Dutin dare na mutum ɗaya a ɗakin haihuwa: nazarin wani lamari daga Zamfara

A yawancin manyan asibitocin ƙananan hukumomi da ke wajen Gusau, ba baƙon abu ba ne ma'aikaciyar jinya ɗaya ta kwana da ɗakin haihuwa ita kaɗai, dare bakwai a jere, sannan a ba ta kwana bakwai ta huta. An daɗe a kan wannan tsari har wasu sun ɗauka doka ce. Wannan nazari ya ɗauki dare guda daga irin waɗannan darare ya bi shi daki-daki: aikin da ke jiran nas ɗin, abin da ya kuɓuce mata, dalilin kuɓucewarsa, da abin da doka ta ba ta bayan an miƙo mata takardar tuhuma. Ba a ambaci asibiti ko mutum ba. Adadin gadaje da na ma'aikata misali ne na irin ɗakunan da ake da su, an sa su ne don lissafi ya fito fili, kuma kowace shugabar ɗaki tana iya cire su ta sa nata ta gwada.

Sunaye takwas a rosta

Ɗakin yana da gado 16 na kwanciya da gado 2 na naƙuda. A rostar da ke manne a bango akwai sunaye 8. Wanda ya duba daga ofishin hukumar kula da asibitoci zai ce ai ɗakin da ke da nas 8 ba shi da kuka. To amma ta farko ita ce shugabar ɗaki, metiron, wadda ke aikin safe daga Litinin zuwa Juma'a, kuma rabin lokacinta na tafiya ne a kan rahoto, taro da neman kayan aiki a sito. Ɗaya tana hutun haihuwa. Ɗaya ta tafi ƙarin karatu na wata 18. Ɗaya an turo ta, iyalinta suna Gusau, kuma tun da hanya ta lalace da tare motoci take neman canjin wurin aiki, zuwanta sai jefi-jefi. Masu juyawa a duti na gaske 4 ne.

Ga lissafin da ya kamata a yi kafin a rubuta kowace rosta. Gurbin mutum ɗaya da ba ya rufewa dare da rana yana cin awa 8,760 a shekara, wato 24 sau 365. Miƙa aiki tsakanin masu tashi da masu karɓa yana ɗaukar rabin awa sau uku a rana, ya ƙara kusan awa 550, jimla wajen 9,300. Nas ɗaya mai aikin awa 40 a mako tana da ranakun aiki 260. A cire kwana 30 na hutun shekara, kimanin 13 na ranakun hutun gwamnati, a ƙiyasta 10 na rashin lafiya da uzuri, 5 na bita, saura kwana 202, wato awa 1,616. Idan aka raba 9,300 da 1,616 za a samu kusan 5.8. Ma'ana, don a ajiye mutum ɗaya tak a ɗaki a kowane lokaci ana buƙatar nas 6. Don a ajiye biyu, wanda shi ne mafi ƙarancin abin da ɗakin haihuwa zai rayu da shi, ana buƙatar 12.

Nas 4 suna ba da awa 6,464. Ko an haɗa da duk awannin metiron, ba a kai 8,100 ba. Ashe ko gurbin mutum ɗayan ma bai cika ba. Giɓin nan ba ya ɓacewa don an ƙi rubuta shi. Ana cike shi ta hanya uku: a tsawaita dutin dare, a soke hutu, ko a jingina aiki a kan ɗalibai da 'yan sa-kai.

Matsalar tsaro ta ƙara tsawon daren. Dutin dare da aka sani yana farawa ƙarfe 8 ko 9 ya ƙare 8 na safe. Inda shiga gari ko fita bayan magariba ya zama kasada, mai dutin yamma tana son ta isa gida da haske, don haka mai dare takan karɓi aiki tun ƙarfe 6. Awa 14 ke nan, sau bakwai, awa 98 a mako guda.

Daren da abin ya faru

Ranar Juma'a ce da dare, wayewar garin Asabar, dare na shida a jerin nas ɗin. Rajistarta ta aikin jinya ce, ta shekara 3, ba ta yi karatun ungozoma ba tukuna, kuma ba ta cika shekara 2 da fara aiki ba. Tare da ita akwai ɗaliba da aka turo koyon aiki da kuma mai shara da aike. Likita ɗaya ne ke kan kira ga asibitin gaba ɗaya, yana kwana a gidan ma'aikata.

Ta karɓi mata 11 a kwance da 2 masu naƙuda. Cikin na kwancen akwai wadda ta haihu a gida, aka kawo ta da la'asar tana jijjiga. Ƙarfe 6 na yamma aka yi mata allurar farko ta maganiziyam salfet, maganin hana jijjiga: giram 4 ta jijiya, giram 10 a ɗuwawu, 5 kowane ɓangare. Daga nan sai giram 5 duk bayan awa 4, har awa 24 bayan haihuwa ko bayan jijjigar ƙarshe. Lokutanta na wannan dare su ne ƙarfe 10, ƙarfe 2, da 6 na safe. Kafin kowace allura sai an ƙirga numfashi an ga bai gaza 16 a minti ba, an duba ledar fitsari an ga ana samun aƙalla mililita 30 a awa, an bugi gwiwa an ga ƙafa ta harba. Idan ɗaya ya gaza, a dakata, kuma kalsiyam gulukonet giram 1 ya kasance a kusa, domin shi ke karya ƙarfin maganin idan ya yi yawa.

Allurar ƙarfe 10 ta shiga a kan kari. Wajen ƙarfe 1 batirin sola ya mutu, saboda firji da fankoki da cajin wayoyin masu jinya duk a kansa suke. Aka koma tocila. Ƙarfe 1:35 ɗaya daga masu naƙuda ta sauka, aka yi mata oksitosin yunit 10, allurar da ke sa mahaifa ta ƙanƙance, mabiyiya ta fito. Minti goma sha biyar bayan haka jini ya ɓalle, mahaifa ta saki ta ƙi ƙanƙancewa.

Zubar jini bayan haihuwa aiki ne na hannuwa da yawa a lokaci ɗaya: a murza mahaifa, a ƙara oksitosin, a sa robar fitsari, a samu jijiya biyu a ɗaura ruwa, a ba da maganin tsayar da jini, taraneksamik asid, giram 1 a hankali cikin minti 10, a duba ko akwai yagewa ko ragowar mabiyiya, a kira likita, a aika a nemi jini. Babban gwajin da aka yi a asibitoci 80 na Najeriya, Kenya, Tanzaniya da Afirka ta Kudu, wanda aka fitar a 2023, ya nuna cewa gano zubar jinin da wuri da yin waɗannan matakai a haɗe, ba ɗaya bayan ɗaya ba, ya rage munanan sakamako da kusan kashi 60 cikin 100. Hannu biyu kuwa ba sa iya yin su a haɗe. Ɗalibar tana riƙe da tocila da jariri, mai aike ta tafi taso likita. Nas ɗin ba ta ɗago daga kan matar nan ba sai ƙarfe 3:10.

Allurar ƙarfe 2 ta wuce. Ƙarfe 3:20 uwar mai jijjiga ta taho da gudu: "Malama, ki taimaka, abin ya sake taso mata." Nas ɗin ta juya ta gefen hagu, ta gyara hanyar numfashi, ta ba da giram 2 ta jijiya cikin minti 5 kamar yadda ƙa'ida ta tanada idan jijjiga ta dawo. Robar jijiyar ta riga ta fita a wajen fizge-fizge, sai da ta sa sabuwa, kuma a wajen ajiye allurar ne ta soke ta a yatsa. Kwalin zuba allurai yana can ɗakin naƙuda, ya ma cika.

Matan biyu duk sun rayu, jariran ma haka. Ranar Talata aka ba nas ɗin takardar tuhuma, a amsa cikin awa 48: me ya sa allurar ƙarfe 2 ba ta shiga ba, kuma me ya sa takardar bin naƙudar mace ta biyu babu rubutu daga 1:30 zuwa 4.

Minti talatin da ba su isa ba

Tambaya ta biyu ita ce ta fi nuna inda cutar take. Takardar bin naƙuda, fatogiraf, tana son a saurari bugun zuciyar jariri duk rabin awa, a ɗora hannu a ciki a ƙirga naƙuda na tsawon minti 10 duk rabin awa, a ɗauki bugun jinin uwa duk rabin awa, zafin jiki duk awa 2, awon hawan jini da duba buɗewar mahaifa duk awa 4. Idan aka yi tsakani da Allah, mace ɗaya tana cin minti 13 zuwa 15 a cikin kowane minti 30. Mata biyu sun cinye rabin awar ƙurmus. Ba a zo kan mai jijjiga ba, wadda ke son dubawa kowace awa. Ba a zo kan mai jego sabuwa ba, wadda ake taɓa cikinta a duba jini duk minti 15 a awa biyun farko. Ga sauran mata 10 da magungunansu.

Saboda haka tun ƙarfe 6 na yamma, kafin komai ya lalace, aikin da ke ɗakin ya fi ƙarfin mutum ɗaya. Abin da ya rage wa nas ɗin shi ne zaɓen wanda za ta bari. Ƙarfe 2 na dare ta zaɓi wadda jini ke zuba a kan wadda ke kwance shiru, kuma duk ungozomar da ta san aiki haka za ta zaɓa. Inda ta gaza shi ne ba ta tura a gaya wa likita tun yana tahowa cewa akwai allura da ke jira ba, domin da ya iso zai iya karɓar ɗaya daga cikin biyun. Wannan gazawa ce ta gaske, bai kamata a ɓoye ta ba. Amma irin ta ce gajiya ke haifarwa: a dare na shida, bayan awa 78 na aikin dare a mako, abin da ya fara raguwa shi ne iya riƙe abu biyu a kai.

Ba a nan kaɗai aka ga alaƙar yawan majinyata da mutuwa ba. Binciken da aka yi a asibitocin jihar Pensilbaniya ta Amurka, aka wallafa a 2002, ya samu cewa kowane majinyaci ɗaya da aka ƙara wa nas yana ƙara haɗarin mutuwa cikin kwana 30 da kashi 7 cikin 100. Wani a ƙasashen Turai 9 a 2014 ya samu kusan wannan adadi. Can ana magana ne a kan bambancin majinyata 4 da 8, da wuta, da likita a kusa.

Sukar allura

A nan horo ne ya yi rauni, tsarin asibiti kuma ya ƙarasa. Da allurar ta soke ta, ta matse yatsar har jini ya fito, ta zuba bilic. Duka biyun kuskure ne. Abin yi shi ne a wanke da sabulu da ruwa mai gudana, ba matsewa, ba tsotsa, ba bilic, domin suna ƙara raunata fata. Sannan a sanar da babban da ke duti nan take, a nemi izinin majinyaciyar a gwada jininta na ƙanjamau da ciwon hanta nau'in B da C, a gwada na ma'aikaciyar ita ma don a san matsayinta na ranar.

Haɗarin kamuwa daga suka ɗaya, idan jinin yana ɗauke da cutar, kusan 3 ne cikin 1,000 ga ƙanjamau, kusan 2 cikin 100 ga hanta C, ga hanta B kuwa daga 6 har zuwa 30 cikin 100. Wanda aka fi tsoro shi ne mafi ƙaranci, wanda aka raina kuma shi ne mafi kamawa, alhali yana da rigakafi: allura uku, ta farko, bayan wata 1, bayan wata 6. Nas ɗin ta yi biyu tana makaranta, ba ta yi ta ukun ba, kuma babu wanda ya tambaye ta ranar da ta kama aiki.

Maganin kariya daga ƙanjamau ana fara shi ne cikin 'yan awanni, iyakarsa awa 72, a sha kwana 28. A asibitin yana kulle ne a sashen masu karɓar maganin ƙanjamau, wanda ba ya buɗewa Asabar da Lahadi. Daga 3:30 na asubar Asabar zuwa 9 na safiyar Litinin awa 53 da rabi ne. Ta samu a cikin wa'adi, amma a makare, kuma a tsakanin ta yi dare na bakwai da wannan fargaba a ranta. Kwalba ɗaya ta maganin a kabad ɗin gaggawa, da mabuɗi a hannun mai kula da dutin dare, ta isa ta toshe wannan ƙofa.

Wa aka horar, a kan me

Majalisar Kula da Aikin Jinya da Ungozoma ta Najeriya, wadda dokar 1979 ta kafa a siffarta ta yanzu, ita ke tantance makarantu, ta shirya jarrabawa, ta ba da lasisi. Rajistar jinya daban, ta ungozoma daban. Ana samun ta jinya da karatun shekara 3, ko ta tsarin ND da HND na shekara 4 da kwalejoji suka koma, ko digirin jami'a na shekara 5 da shekara guda ta sanin makamar aiki. Nas da ke son zama ungozoma sai ta ƙara wata 18. Akwai kuma ungozoma da nas na karkara, masu karatun shekara 2, waɗanda aka tsara don ƙananan asibitoci. Ɗalibar jinya tana ratsawa ta ɗakin haihuwa a lokacin karatu, amma wannan ba ya mayar da ita ungozoma. Wanda ya rubuta sunan nas marar rajistar ungozoma ita kaɗai a dutin dare na ɗakin haihuwa ya ɗora mata abin da lasisinta bai ɗauka ba, kuma alhakin wannan na mai rubuta rostar ne da wanda ya sa hannu.

Ɗalibar ma an zalunce ta. An turo ta ne ta koya a ƙarƙashin idon ƙwararriya, ta cike littafin ayyukanta, a sa mata hannu a kan abin da aka ga ta yi. Idan aka ƙirga ta a matsayin ma'aikaciya ta biyu, ba ta koyi komai ba sai riƙe tocila, kuma sa hannun da za a yi mata da safe shaida ce a kan abin da ba a gani ba. Wannan batu zai ƙara girma, domin gwamnatin tarayya ta ɗaga adadin ɗaliban da ake ɗauka a makarantun jinya daga 28,000 zuwa 64,000, daga baya ma ta sake ƙarawa. Ƙarin abin so ne ga jiha irin Zamfara. Sai dai aji yana ɗaukar ƙarin kujeru, gadon naƙuda kuwa ba ya ɗaukar ɗalibai goma a kan mace ɗaya. In ba a ƙara malamai da masu koyarwa a gefen gado ba, takardar shaida za ta yawaita, hannu bai faɗa ba.

Jihar ta taɓa ganin abin da ke aiki. Shirin Mata Don Lafiya, wanda Birtaniya ta ɗauki nauyi daga 2012 zuwa 2020 a Zamfara, Katsina, Kano, Jigawa da Yobe, ya ɗauko 'yan mata daga ƙauyuka ya ba su shekarar share fage don su cika sharaɗin kiredit biyar na Turanci, lissafi da darussan kimiyya uku, da alkawarin za su koma garuruwansu aiki. 'Yar gari ba ta neman canji zuwa Gusau don hanya ta ɓaci. Shirin tura ungozomomi karkara da gwamnatin tarayya ta fara a 2009 kuwa ya koyar da darasi ta ɗaya fuskar: an tsara tarayya ta biya naira 30,000, jiha 20,000, ƙaramar hukuma 10,000 da wurin kwana, kuma a wurare da dama inda kason jiha da na ƙaramar hukuma suka yi ta makara, ungozomomin sun tattara sun tafi.

Sabunta lasisi duk shekara 3 yana buƙatar halartar bitar dole ta majalisar. A ɗaki mai mutum 4, nas tana zuwa ne a kwanakin hutunta, da kuɗin aljihunta, ta zaɓi darasin da ya yi daidai da lokacinta, ba wanda ɗakinta ke buƙata ba.

Takardar tuhuma da abin da doka ta ce

Abu na farko da za a gaya wa duk nas da ta shiga wannan hali: kada ta koma ta cike fatogiraf da lambobin da ba ta auna ba. Gurbin da babu rubutu gazawa ce da ke da bayani. Lambar ƙarya kuwa laifi ne da kan kai mutum gaban kwamitin ladabtarwa na majalisa, har ya ci lasisi. Idan akwai abin da aka yi ba a rubuta ba, a rubuta shi a ƙasa, a nuna cewa rubutun baya ne, da lokacin da aka yi aikin da lokacin da aka rubuta.

Amsar tuhuma ta zama ta lokaci da adadi, ba ta ban-haƙuri ko fushi ba. Mata nawa aka karɓa, wa ke duti kuma mene ne matsayin kowa, ƙarfe nawa wuta ta ɗauke, ƙarfe nawa aka aika wa likita, ƙarfe nawa ya iso, me ake yi ƙarfe 2, dare na nawa ne a jere. A haɗa da hoton rosta. A nuna wa wakilin ƙungiyar nas-nas da ungozomomi ta ƙasa, NANNM, na asibitin kafin a miƙa, a ajiye kwafi da aka buga wa hatimin karɓa. Sashe na 36 na tsarin mulki da ƙa'idojin aikin gwamnati sun ba ta damar a ji ta bakinta kafin hukunci.

Akwai wani tarko da 'yan ƙungiya da yawa ke faɗawa. Dokar Ƙwadago ta tanadi hutun awa ɗaya ga mai aikin awa 6 ko fiye, da hutun awa 24 a jere a kowane kwana 7. Amma sashe na 91 ya cire masu aikin ƙwarewa da jami'an gwamnati masu irin wannan aiki daga ma'anar "ma'aikaci", don haka lauyan gwamnati zai iya cewa dokar ba ta shafi nas mai rajista ba. Madogarar da ta fi ƙarfi ita ce takardar ɗaukar aiki, ƙa'idojin aikin gwamnatin jiha, da yarjejeniyar da ƙungiya ta sa wa hannu. Kotun Ma'aikata ta Ƙasa kuma, tun gyaran tsarin mulki na 2010, tana da ikon duba kyakkyawan tsarin ƙwadago na duniya. Shawara ta 157 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, ta 1977, wadda aka yi musamman don ma'aikatan jinya, ta ce ranar aiki har da ƙarin lokaci kada ta wuce awa 12, a samu hutun awa 12 tsakanin duti da duti, hutun mako kada ya gaza awa 36 a jere. Dutin awa 14 yana barin awa 10 kacal kafin a dawo. Idan aka yi shi dare bakwai a jere, ya saɓa duka ukun.

Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 tana da kaifi biyu. Sashe na 20 ya haramta ƙin karɓar mai buƙatar gaggawa, da tarar naira 100,000 ko ɗaurin da bai wuce wata 6 ba, don haka nas ba ta da ikon cewa ɗaki ya cika. Sashe na 21 kuma ya wajabta wa asibiti ɗaukar matakan rage rauni da kamuwa da cuta ga ma'aikatansa. Kwalin allurai da ya cika, da duhu, da maganin kariya a kulle, duk suna ƙarƙashin wannan sashe. Ana yawan karanta wa nas na 20, a tsallake na 21.

Sukar allurar kuwa rauni ne a bakin aiki, kuma Dokar Biyan Diyyar Ma'aikata ta 2010 ta shafi ma'aikatan gwamnati da na kamfani. Ma'aikaci yana sanar da wanda ya ɗauke shi cikin kwana 14, shi kuma ya kai rahoto ga NSITF, hukumar da ke biyan diyyar, cikin kwana 7, a shigar da neman diyya cikin shekara guda. Mai ɗaukar aiki ne ke biyan kashi 1 cikin 100 na jimlar albashi, ba a cire ko sisi daga ma'aikaci. Sanarwar ta zama a rubuce ko da gwajin farko ya fito lafiya, domin idan cuta ta bayyana a gwajin mako 6 ko na wata 3, wannan takardar ce kaɗai za ta haɗa ta da daren. Ya kamata reshen ƙungiya ya nemi a nuna masa shaidar cewa an yi wa ma'aikatansa rajista ana kuma biya. Wadda ta fi kowa zama a fili ita ce 'yar sa-kai, nas mai lasisi da ke aiki ba takardar ɗauka, tana jiran a buɗe gurbi. Da ita allurar ta soka, da wace takarda za ta nuna cewa ma'aikaciya ce?

Me ya sa 4 ba su zama 12 ba

A farkon 2024 magatakardan Majalisar Kula da Aikin Jinya da Ungozoma ya ce nas fiye da 42,000 sun bar ƙasar cikin shekara 3, sama da 15,000 a 2023 kaɗai. A watan Fabrairun shekarar majalisar ta fito da sharaɗin sai an yi aikin shekara 2 kafin a tantance takardun mai son fita, abin da ya jawo zanga-zanga. Amma ɗakin da ake magana a kansa ba Ingila ce ke kwashe masa mutane ba. Tafiyar farko daga ƙaramar hukuma ce zuwa Gusau, ta biyu daga aikin jiha zuwa Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Gusau ko asibitin koyarwa na Sakkwato, inda ake biyan tsarin albashin ma'aikatan lafiya na tarayya, CONHESS, da alawus ɗinsa, ko zuwa ƙungiyoyin agaji. Alawus ɗin haɗari ya daɗe a naira 5,000 a wata kafin tarayya ta ɗaga nata a ƙarshen 2021, kuma jiha ba ta bin irin wannan ƙari sai ta amince da kanta. Yajin aikin gargaɗi da nas-nas na asibitocin tarayya suka fara a ƙarshen Yulin 2025 ya tsaya ne a kan alawus ɗin duti da na kayan sawa, ɗaukar ma'aikata, da fitar da tsarin aikin da aka amince da shi tun 2016. Idan na tarayya suna wannan kuka, sai a auna na jiha.

Gwamna Dauda Lawal ya ayyana dokar ta-ɓaci a fannin lafiya a farkon 2024, aka shiga gyaran asibitoci. Gyara abin buƙata ne. Sai dai asibitin da aka gyara yana jawo ƙarin mata, kuma kowane gado sabo yana zuwa da mintocinsa.

Abin da za a iya yi a wannan wata, da wanda ke jiran kasafi

Ba tare da an ɗauki ko mutum ɗaya ba, shugabar ma'aikatan jinya tana iya haɗa ɗakunan da ba su cika ba da dare, ta saki nas ɗaya ta zama mai zagaye, wadda ɗakin haihuwa ke da haƙƙin farko a kanta. A mayar da dare bakwai ya zama uku ko huɗu, a haɗa ƙaramar nas da ungozoma mai rajista a kan kira, a ba ta ɗakin kwana a cikin katangar asibiti. A rubuta a bango abin da ke wajabta kiran mutum na biyu tun kafin rikici: mata biyu a naƙuda, ko mai naƙuda ɗaya da mai jijjiga. Lokutan maganiziyam su hau allo, a sa ƙararrawar waya, a faɗa wa ɗaliba da mai jinya. A ware batiri ɗaya don fitilun ɗakin naƙuda kawai. Kwalin allurai ya kasance a kan kowane teburin allura, a rufe shi idan ya kai kashi uku cikin huɗu. A duba katin rigakafin hanta na kowa, har ɗalibai da masu shara.

Waɗannan suna rage haɗari, ba sa cike awa 9,300 sau biyu. Wannan sai hukumar kula da asibitoci. Takardar da shugaban asibitin zai aika mata kada ta ce "muna fama da ƙarancin ma'aikata", domin kowane asibiti haka yake rubutawa. Ta ce ɗakin yana buƙatar mutum 12 masu juyawa, yana da 4, kuma aƙalla rabin waɗanda za a turo su kasance masu rajistar ungozoma. Ta haɗa da lissafin, da rostar wata uku, da adadin haihuwar dare daga rajistar ɗakin. Sannan ta nemi amsa a rubuce a kan ɗayan biyu: ranar da za a turo mutum 8, ko adadin gadajen da hukumar ta yarda a rufe da asibitin da za a riƙa tura matan kafin a turo su.